Yadda Bar-Mini Ya Kamo Jiragen Ruwa Daga Falonmu

Mijina ba mugu ba ne. Wannan na fara faɗa kafin wani ya ce na zo tona masa asiri. Asirin ma ai shi ya tona abinsa da hannunsa, har da lasifika. Ciwonsa guda ɗaya ne: bai taɓa ganin abu mai waya ko maɓalli ya yarda cewa bai san kansa ba. Famfo ya lalace, "bar mini." Fanka ta tsaya, "bar mini." Haka sunan ya manne masa, har yaran unguwa ba su san yana da wani suna ba sai Bar-Mini. Fankar nan kuwa har yau da baya take juyawa.

Fenti yake sayarwa a wani kanti, amma zuciyarsa na wurin ƙungiyar masu rediyon sha'awa. Wasu bayin Allah ne, yawancinsu furfura ta gama da kansu, da ke kafa eriya a saman gida su wuni suna kiran 'yan'uwansu na ƙasashe masu nisa, don kawai su tambaye su ko muryarsu na fita. Sai da lasisi ake magana a wurinsu. Mijina ya zauna jarrabawar lasisin ya faɗi, ya sake zama ya sake faɗuwa, ya ce masu tambayar ne iliminsu ya tsufa. Saboda haka shekara da shekaru aikinsa a ƙungiya shi ne jera kujeru da kwashe su. Abin yana cin ransa ƙwarai, na sani, amma ko yanka shi za ka yi ba zai faɗa ba.

To ƙungiyar tana da wata na'urar saurare, ɗan akwati baƙi da bai fi sandar sabulu girma ba. Ba ya magana, ji kawai yake yi. Waya ɗaya ta hau sama zuwa eriya, ɗaya ta shiga wata tsohuwar kwamfuta, ita kuma ta tura abin da aka jiyo cikin intanet, yadda kowane ɗan ƙungiya zai saurara ta wayarsa duk inda yake. Mutumin da ke riƙe da ita ya bar gari, aka shiga neman gidan da za a ajiye. Gidan hayarmu bene ne, rufinsa ya fi na kowa tsawo. An ce mini da aka tambayi mai so, mijina ya ɗaga hannu har da hawa kan kujera.

Shugaban ƙungiyar da kansa ya kawo kayan. Dattijo ne, tsohon ma'aikacin rediyon jirgin ruwa, ba ya fara magana sai ya yi ɗan tari. Ya zauna a falonmu kusa da keken ɗinkina, don ni tela ce kuma a falon nake aiki, ya yi tarinsa ya ce, "Gwaji ne zuwa taron ƙarshen wata. In ta yi aiki lafiya, ta zauna nan, ka zama mai kula da tasha. In ba haka ba, mu ɗauke abinmu. An riga an saita komai. Ka jona, ka kunna, ka tafi harkarka. Akwai wani shafi a ciki na ƙwararru. Kada ka taɓa shi."

"Haba Shugaba, ni da shafin ƙwararru ai..."

"Kada ka taɓa shi."

Wallahi ina jin takun dattijon a matakala, bai kai ƙasa ba, mijina ya buɗe shafin.

"Baban yara, me aka ce maka?"

"An faɗa wa masu koyo. Ke dai ki zuba ido. Tashar nan sai an ji labarinta a bangon duniya. Ranar taro Shugaba da kansa zai jera mini kujera."

Abin da ya fara yi shi ne sauya wa tashar adireshi da suna. Ta koma Babbar Tashar Bar-Mini. Nan take 'yan ƙungiya suka daina samunta a wayoyinsu. Da suka kira, ya ce musu ana manyan gyare-gyare, su haƙura sai ranar taro su ga abin mamaki. A nan kam bai yi ƙarya ba.

Daga nan ya hau rufi. Eriyar da Shugaba ya kawo ta yi masa gajarta, wai ta yara ce. Ya kwance wayar shanyar gidan gaba ɗaya, da zannuwan mutane a kai, ya ƙara mata. Ƙarshen wayar ya rasa inda zai ɗaura, sai ya ɗaure a farantin talabijin na Hajiyar sama, mai gidan da muke haya, ya ja iya ƙarfinsa. Faranti ya juya ya kalli ƙasa.

Hajiya ta leƙo ta taga, ɗankwali a hannu. "Wane ne ya juya mini faranti ina tsakiyar kallo? Yarinyar nan saura kaɗan ta gane ubanta!"

"Hajiya, kimiyya ce."

"Kimiyya ta ci gidansu! Sauko mini daga rufi kafin in hau in sauko da kai."

Ya sauko da zanen wata a wuya, yana cewa mutane ba sa son ci gaba.

Washegari ya ce sai an buɗe wa tashar ƙofa a akwatin intanet, don mutanen waje su samu hanyar shigowa. Akwatin nan na duk gidan ne, a bangon baranda yake, kowa da shi yake amfani. Ya zo ya zare allura daga jikin kekena ba ko sallama, ya je ya soka ta a wani ɗan rami da ke bayan akwatin, ya danne. Fitilu suka ɗauke, suka dawo ja wur. Intanet ɗin gidan ya mutu murus. Ƙofofi suka fara buɗewa ɗaya bayan ɗaya, kowa riƙe da waya yana ɗaga ta sama. Ba wanda ya tambayi abin da ya faru. Kai tsaye ƙofarmu suka nufo. Sai da ma'aikatan kamfani suka zo suka gyara, shi kuma yana tsaye a kansu yana gaya musu inda suka yi kuskure.

Da aka samu intanet ya dawo, sai ya koma kan shafinsa. Akwai wani ma'auni na ƙarfin ji, an ajiye shi a tsakiya. Ya kalle shi ya girgiza kai.

"Dubi rowa. An ba ka kunne ka toshe rabi."

Ya ja shi har ƙarshe. Duk wani ma'auni da ya gani a shafin nan sai da ya kai shi bango. Ya ƙara murya. Abin da ya fito ba ya da maraba da an zuba ruwa a tafasasshen mai. Shuuu, ƙarrr, shuuu. Ba mutum, ba aljan.

"Firij ɗinki ne," in ji shi. Ya kashe firij. Ƙara tana nan. Ya kashe fanka, ya kashe fitila, ya cire cajar wayata. Muka zauna cikin zafi muna kallon juna, ruwan firij na bin ƙasa. Can sai ya lura duk sanda mai waldan da ke tsallaken titi ya taɓa ƙarfe, ƙarar sai ta ninka. Ya sa takalmi ya sauka, ni kuma na tsaya a taga don wannan ba abin a ba ni labari ba ne.

"Malam, kana shigar mini cikin sigina."

Mai walda ya ɗaga baƙin gilashinsa. "Ni? Ina nan ina haɗa ƙofar mutane, ban shiga ko'ina ba."

"Duk walƙiyar da ka yi, nahiya guda kake toshe mini."

"To ka ce wa nahiyar ta jira in gama ƙofa."

"Kai ba ka san darajar ilimi ba."

"Na san darajar fankarka dai. Tana nan tana juyawa da baya?"

Ya dawo yana huci, ya zauna gaban kwamfuta, ya ci gaba da tone-tone. Can ƙasan shafin ya tarar da wani layi, wai inda sauti ke shigowa. Zaɓi biyu ne a wurin. Na farko shi ne ɗan baƙin akwatin. Na biyu wani dogon suna ne mai haruffa da lambobi, irin wanda ke burge mijina. Ya danna shi. Ɗif, ƙara ta ɗauke. Wani koren layi ya fara rawa a allo cikin natsuwa.

Ya miƙe tsaye. "Maman yara! Zo ki ga aikin ƙwararru!"

Koren layi ya yi tsalle.

"Kin gani? Kin ga yadda yake amsawa?"

Koren layi ya sake tsalle.

Daga ni har shi ba wanda ya san cewa dogon sunan nan na ɗan makirufon da ke jikin kwamfutar ne, wani rami da bai fi kan allura ba. Ya cire tashar daga eriyar da ke sama ya maida ta falonmu. Ya ƙara murya don ya ji, sai kwamfutar ta ƙwala wani ihu mai tsinin gaske, har kyanwar maƙwabta ta faɗo daga katanga. Ya yi maza ya kashe muryar.

"Ƙarfin sigina ne ya yi wa lasifikar yawa," in ji shi. "Ai dama ƙwararre ba da kunne yake saurare ba. Da ido yake karantawa."

A ranar ya tura sabon adireshin cikin guruf ɗin hirar 'yan unguwa na waya, ya ce kowa ya shigo ya ji duniya kyauta. Sannan ya sauka bakin titi don ya nuna musu yadda ake yi. Ni kuwa na samu sarari na hau kekena, ina da ɗinkin mutane. Abin da ya faru a ƙasa, ƙawata mai kitso ce ta ba ni labari daga baya, tana yi tana riƙe ciki.

Wai mutane sun kewaye shi, ya ɗaga waya, sai ga sauti tar: ƙat-ƙat-ƙat-ƙat, shiru, ƙat-ƙat, shiru, ƙat-ƙat-ƙat-ƙat-ƙat.

"Tsit!" in ji shi. "Jirgin ruwa ne. Saƙon ƙwanƙwasa suke aikawa, irin na tsakiyar teku."

"Me yake cewa?" in ji mai walda.

Ya lumshe ido, yana kaɗa yatsa. "Yana cewa... igiyar ruwa ta yi yawa. Suna neman hanya."

Zare ya tsinke mini, na tsaya ina sawa. Ya ce jirgin ya nitse. Wata tsohuwa har ta fara salati. Na ci gaba da ɗinki, ya ce alhamdu lillahi an ceto su. Sai kuma jirgin ya yi atishawa ya ce, "Kai, wannan yadi da ƙura yake." Lokacin shi ya riga ya juya yana yi wa wani bayanin tsawon eriya, bai ji ba. Amma unguwa ta ji. Aka kalli juna. Kuma don Allah ku ji rashin imani: ba wanda ya ce uffan.

Tun daga ranar mijina ya daina zama a kanti sosai. Yana dawowa sai gaban kwamfuta. A gefen allon akwai wurin da ke nuna yawan masu saurare, kuma kullum ƙaruwa suke. Bakinsa har kunne.

"Kin gani? A hannun wancan mutumin tsofaffi biyar ke shiga. Yanzu dubi jama'a!"

Ni kuma sai na fara ganin abubuwan da ban gane ba. Hajiyar sama ta huce, ta sauko awon riga. Na zagaya tef na ce hamsin da huɗu. Ta ce in sa arba'in da takwas. Na ce Hajiya, tef ba ya ƙarya. Ta ce tef ɗina ne ya tsuke. Washegari ta fita, tun daga bakin ƙofa har bakin titi kowa na yi mata sannu da tsukewar tef. Ta dawo ta same ni ta wanke ni tas, wai na bazata a gari. Na rantse har na gaji.

Na je kemis sayen maganin ciwon kai, mai kemis ya haɗo mini da wani man shafawa.

"Wannan fa?"

"Na marurun maigida ne. A daina matsa masa da hannu, kuma ya riƙa zama a kan matashi."

Marurun nan a inda yake, daga ni sai shi sai Allah muka sani. Na fita ban ko karɓi maganin kan ba, na wuce shagon mai kitso don in zauna in yi tunani. Ina ɗaga labule na tarar da mata cike, wasu da rabin kitso, duk sun duƙa a kan waya guda. Daga cikin wayar muryar mijina ce ke tashi, raɗau, yana gwajin jawabin da zai yi ranar taro.

"Ehem, ehem," yana kwaikwayon tarin Shugaba. "Ni Baba Tari, na yarda ilimina ya ƙare tun zamanin jirgin gawayi. Ga kujerata, Bar-Mini, hau. Kai kuma Sakatare, riƙe haƙoranka na roba kada su faɗo, tafi za a yi."

Mata suka kwashe da dariya. Suka ɗago suka gan ni. Dariya ta koma tari.

"Tun yaushe?" na ce.

Mai kitso ta sunkuyar da kai. "Tun ranar jirgin ruwa. Ƙawata, ki yafe mini. Kullum sai in ce yau zan gaya miki, sai kuma a fara wani sabon."

Kunya da baƙin ciki suka taru suka rufe ni. Duk faɗan da muka yi, duk waƙar da nake yi in ina shara, duk abin da na faɗa a kan dangin wasu, ashe a kunnen unguwa nake yi. Na haura benen nan ban san na haura ba.

"Baban yara, kashe abin nan. Falon nan ake ji. Mu ake ji, ni da kai."

Ya juyo a hankali, yana zaune a gefe guda saboda maruru. "Wa ya gaya miki?"

"Da kunnena na ji ka a shagon kitso kana kiran dattijon mutane Baba Tari!"

"Ta taga suka jiyo. Muryata dama tana da ƙarfi."

"Ta waya na ji!"

"Maman yara, zauna in koya miki. Na'urar nan kunnenta a rufi yake. Rufi. Ta yaya abin da ke rufi zai ji falo? Sai dai in kishi kike da ita, ki faɗa."

"Fita waje da wayarka, ni in yi magana a nan, ka ji da kanka."

"In bar tasha a hannun wadda ba ta san bambancin sigina da siga ba? Allah ya kiyaye."

Na buɗe taga. Ga su nan a bakin titi, kowa da waya a kunne, mai walda har ya kashe injinsa. Na ɗaga murya na ce, "Ku ji tsoron Allah ku gaya masa!" Wallahi sai kowa ya shiga kallon sama kamar ana neman wata. Na kai hannu zan zare wayar wuta, ya tare da jikinsa, ya ce sai dai in bi ta kan gawarsa, saura kwana kaɗan a ba shi matsayin da ya daɗe yana jira. Yadda ya faɗi wannan ɗin, muryarsa har rawa take. Na janye hannuna. Na ce to shi ke nan, na faɗa, na fita. Na ja kekena zuwa ɗakin kwana, na kulle bakina a falo. Shi kuwa da ya ga ba mai katse shi, sai ya ƙara buɗe nasa.

Ranar taro da hantsi sai ga Inna, mahaifiyarsa, ta zo ganin likita, ƙanwarsa Auta ta rako ta. Muna ta gaishe-gaishe shi yana ta duba agogo, ya sa babbar riga har da turare. Ya ce dole in bi shi in ga ranar girmansa. Na ce zan je, ko don in kwaso shi. Cikin gaggawar nan na zaunar da su Inna a falo, na kawo musu ruwa, na fita. Sai da muka yi nisa na tuna ban ce musu su yi shiru ba.

A wani ajin makaranta suke taron. Ba a taɓa ganin cika irin ta ranar nan ba, don mijina ya gayyaci unguwa, unguwa kuma ta amsa har da masu goyo. Tsofaffin ƙungiya suka takure a gaba suna mamaki. Shugaba ya shigo, ya yi ɗan tarinsa, sai ajin ya ɗauki ƙus-ƙus.

Mai walda ya miƙe da ladabi. "Sannu da zuwa, Baba Tari."

"Wa?"

"A'a, ba komai. Ina Sakatare? Allah ya ƙara wa haƙora lafiya."

Sakatare ya kai hannu baki. Na ja mayafi na rufe fuska.

Mijina ya jona wayarsa da babbar lasifika, ya gyara riga. Ya yi bayani mai tsawo a kan yadda ya tarar da tashar a sume ya farfaɗo da ita, yadda ya shiga shafin da wasu ke tsoro, ya faɗi haka yana kallon Shugaba. Sannan ya ce, "Jama'a, ga duniya," ya danna.

Shiru. Sai wani ɗan ƙwas-ƙwas-ƙwas, cokali ne a cikin kofi.

"Jirgin ruwa," in ji shi. "Ƙarami ne wannan."

Shugaba ya karkata kai. Shi da ya ƙare ƙuruciyarsa yana karɓar saƙon jirage. "Wannan jirgin shayi yake sha?"

Sai murya ta cika ajin, tar kamar tana tsaye a gaban allo. "Auta, wannan ne akwatin da ya hana shi zuwa gaishe ni?"

Mijina ya daka tsalle. "Kun ji! Hausa! Hausa daga ƙetaren teku! Na gaya muku akwai namu a..." Bai ƙarasa ba. Na ga bakinsa ya tsaya a buɗe.

"Shi ne, Inna," in ji muryar Auta. "Wai duk duniya yake ji da shi."

"Duniya! Yaron da ko kiran sallah sai an tashe shi. Ke ba ki da wayo lokacin da ya kwance rediyon babanku. Ya ce zai fito da mutanen da ke ciki ya ba su ruwa. Da ya kasa mayarwa sai ya zuba kayan a tukunya ya rufe, ya ce ɓera ne."

Ajin ya fashe. Mai walda ya faɗo daga benci. Hajiyar sama tana dariya tana share hawaye, tana cewa Allah ya saka mata. Mijina ya rarumi wayar yana dannawa, amma garin burga ya sa mata wani dogon makulli, ya yi ta kuskure ya kasa buɗewa. Ya juya zai zare wayar lasifika, Shugaba ya ɗora sandarsa a kai.

"Bari mu ji duniya," in ji dattijon.

"Sai agogon bango," Inna ta ci gaba. "Sai keken kawunku. Sai injin niƙan maƙwabta, wanda har ƙara aka kai mu. Tunda na haife shi ban ga abin da ya gyara ya tashi ba."

"Kai Inna!"

"Gaskiya ce. Amma kada ki kuskura ki gaya masa na faɗa." Muka ji ta kurɓi shayi, ta ajiye kofi. Da ta sake magana muryarta ta sauka. "Babanku ne ya ja. Bai taɓa ce masa sannu ba, ko sau ɗaya. Komai ya taɓa sai ya ce ajiye, ba ka iya ba. Yaron nan ba abin da yake nema a duniya illa wani babba ya dube shi ya ce ka iya. Shi ya sa yake bin tsofaffin nan yana ɗaukar musu kujeru. Ni dai na yi ta addu'a a mota, Allah ya sa su bar masa akwatin nan."

Dariyar ta mutu a hankali, daga gaba zuwa baya. Ba wanda ya iya kallon wani. Mijina yana tsaye da waya a hannu, babbar riga ta yi masa yawa. Ni da na zo da haushinsa cike da ciki, sai na ji tausayinsa ya kama ni har idona ya kawo ruwa.

"Auta, wayata ta mutu," in ji Inna. "Cire mini wancan daga soket ki sa caja."

Ƙit. Babbar Tashar Bar-Mini ta rufe.

Shugaba ya janye sandarsa daga kan wayar lasifika. Ya buɗe baki zai yi tari, ya tuna, ya haɗiye abinsa. Ya ce, "Abu ɗaya na ce kada ka taɓa. Tashar ta mutane ce, sun yi wata ba su ji 'yan'uwansu ba. Gobe Sakatare zai zo ya ɗauki kayan." Ya miƙe, ya dafa kafaɗar mijina, ya ɗan jima a haka, ya fita.

Jama'a suka watse sumui-sumui. Ba wanda ya tsokane shi, har mai walda. Mijina ya naɗe hannun babbar riga ya fara kwashe kujeru, na kama masa. Bai ce komai ba har muka gama, bai ce komai ba har muka fito titi. Tunda na aure shi ban taɓa jin shirunsa mai tsawon haka ba, kuma wallahi ban ji daɗinsa ba.

Mun kusa gida ya ɗan yi gyaran murya.

"Maman yara."

"Na'am."

"Kin lura da muryar Inna kuwa?"

"Na lura."

"Ba shuu, ba ƙarr. Har ajiye kofinta ana ji. Tun daga falo har makaranta." Ya kalle ni ta gefen ido, a ɗan tsorace. "Wannan fa saitina ne."

Na dube shi. Ga rigar ta yi ƙura, ga tafiyar maruru, ga unguwa duk ta san abin da ke cikin tukunyarmu. Na tattaro duk maganar da na tanada tun daga shagon kitso, ta zo har bakina.

"Ta fita tar," na ce. "Ka iya."